Waɗanda suka taɓa aiki da kaitosan, ku zo mu ji

Ɗalibar digiri na biyu, Gombe:
Assalamu alaikum, manyanmu. Bincikena kan naɗe magani ne a cikin kaitosan, polima (sinadari mai doguwar sarƙa) da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. A ruwan asid yana narkewa tsaf, amma da na ɗaga pH, ma'aunin ƙarfin asid, zuwa 7.4 irin na jini sai ya yi gudaji ya kwanta a gindin kwalba. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai kula da ɗakin gwaji, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Halinsa ke nan, ba daga hannunki ba ne. Da pH ya haura 6.5 yake sakin cajinsa na fositif, alhali cajin nan ne ke narkar da shi, shi ne kuma ke damƙe DNA mai cajin negatif. Mu da kirefish ɗin kasuwar Muda Lawal muka fara: asid ya cinye kalsiyam, kostik soda ta cire furotin, sannan a dafa shi a soda mai kauri, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wari kam, sai wanda ya shaƙa. Idan kina ɗiga TPP, sinadarin da ke dunƙule kaitosan ya zama ƙananan ƙwayoyi masu naɗe magani, ki tsaya da zarar ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara. Ya wuce nan, aiki ya ɓaci.

Malamin jami'a, Bauchi:
Gudajin nan da kaitosan ke yi a 7.4 shi ya sa ake yi masa kwaskwarima. Ki duba TMC, kaitosan ne da aka liƙa wa metil uku a kan naitirojin, cajinsa na nan daram ko a 7.4. Ni da PEI, wata polima mai cajin fositif kamar kaitosan, na yi aiki lokacin ina karatu a waje. Tun 1995 da Jean-Paul Behr da abokan aikinsa a Faransa suka nuna yana shigar da DNA cikin ƙwayoyin halitta, da shi ake gwada sauran. Mukan haɗa shi da DNA mai sa haske kore, bayan kwana biyu ka ga ƙwayoyin na walƙiya a madubin bincike. Sai dai PEI mai rassa, mai nauyin 25 kDa, yana da dafi sosai ga ƙwayoyin. Muka lulluɓe shi da PEG, wata polima marar caji, kisan ƙwayoyin ya ragu, hasken ma ya ragu. Har yau ban ga wanda ya samu duka biyun a sauƙaƙe ba.

Mai harhaɗa magunguna, Gombe:
Mu gamammen aikin muke gani. Zoladex da ake wa masu kansar furostet, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, magani ne a cikin polimar PLGA. Ana sa shi ƙarƙashin fatar ciki, ya riƙa fita a hankali tsawon kwana 28. Dattawa kan tambaye ni ko sai an ciro abin daga baya, in ce a'a Baba, narkewa yake a jiki.

Ɗalibar digiri na biyu, Gombe:
Allah ya saka da alheri. Malam, TMC ɗin zai haɗu a nan, ga ɗauke wuta?

Malamin jami'a, Bauchi:
Zai haɗu, amma metil ayodaid ake sawa, guba ne. Kada ki buɗe shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, janareta na kunne.