Talabijin mai inci 55 a kan teburin kwamfuta, zai yiwu kuwa?

Mai_Linzami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Monitata mai inci 24 ta fara fitar da wani koren layi daga sama har ƙasa. Shekararta bakwai, ta yi ƙoƙari. Tunda dole in canza, raina ya biya da talabijin mai inci 55, in riƙa buga gem a kai, da rana kuma in yi aikin Excel. Katin hotona RTX 2060 ne, gem ɗina kuma na harbi da na tseren mota. Teburin daga bango zuwa cikina santimita 60 ne kawai.

Abin da ya tsorata ni, jiya na ɗauko talabijin ɗin falo na gwada. In na ja linzami sai kibiyar ta biyo ni a baya kamar mai tafiya cikin taɓo, jan rubutu a kan baƙi kuwa ya dagule, ba ya karantuwa. Haka duk talabijin suke, ko namu ne kawai?

Tsohon_Hannu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Abu biyun da ka gani duk saiti ne. Talabijin yakan tsaya ya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna shi, ya rage dishi-dishi, ya ƙirƙiri hotunan tsakiya don motsi ya yi sulɓi, wannan aikin ne ke cin lokaci. Kunna Game Mode, zai bar duk wannan. A talabijin na zamani jinkirin yakan sauko wajen milisakan 10, alhali hoto ɗaya a 60Hz, wato hotuna 60 a sakan, milisakan 16.7 yake ɗauka. Rubutun kuma, ka shiga jerin ƙofofin HDMI ka sa wa wadda ka jona suna PC. A nan ne yake karɓar launi cikakke, wato 4:4:4, bai rage shi ba.

Amma ka duba bayan katinka tukuna. RTX 2060 HDMI 2.0 gare shi, gigabit 18 a sakan, iyakarsa 4K, wato hoto mai yawan ɗigo sosai, a 60Hz da cikakken launi. 4K a 120Hz da cikakken launi sai HDMI 2.1 mai gigabit 48, shi kuwa a katunan Nvidia ya fara ne daga jerin RTX 30 a 2020. Talabijin kuma galibi ba su da DisplayPort, ɗaya ƙofar hoton ta kwamfuta, da za ka zagaya ta can. Abin da katinka zai iya shi ne 1440p, wanda bai kai 4K yawan ɗigo ba, a 120Hz, don haka nemi wanda ke karɓar wannan. Dama 2060 zai sha wuya da 4K a sababbin gem.

Na_Ƙone:
Malam Mai_Linzami, kar ka yarda da lambar jikin kwali. Ni na sayi wani, ba zan kama suna ba, an rubuta 120 ɓaro-ɓaro a gaba. Na kawo gida na jona, na buɗe saitin allo a Windows, 60 kawai ya ba ni. Ashe lambar ta dabarar gyaran motsi ce, allon kansa 60Hz ne. Kwana biyu ina canza kebul ina zargin kebul. Ka nemi takardar bayaninsa ka ga asalin gudun allon.

Girman kuma, haba! Inci 55 faɗinsa ya kai santimita 120, kai kuma kana nesa da shi da santimita 60. Taswirar gem tana kusurwa ɗaya, harsashinka na ɗaya kusurwar, wuyanka ne zai gaya maka.

Hasken_Dare:
Gaskiyar Na_Ƙone. Ni LG C2 mai inci 42 nake amfani da shi, na 2022, kuma sai da na ja teburin baya na rataye shi a bango kafin idona ya huta. Allonsa nau'in OLED ne, baƙinsa baƙi ne ƙirin, mota da gudu ba ta barin inuwa a bayanta. Ƙofofinsa huɗu duk HDMI 2.1 ne, wasu talabijin kuwa biyu kawai suke bayarwa. Yana kuma daidaita gudunsa da na kati, wato VRR, kuma wannan yana aiki da jerin RTX 20 irin naka.

Sai dai Excel ɗin nan naka ya sa na yi jim. Farin shafi in ya cika allo, OLED yakan rage haskensa da kansa, kana cikin lissafi sai ka ga ya dusashe. Layukan da ba sa motsi awa takwas kullum kuma su ne ke barin tabo. Ni na ɓoye sandar ƙasa ta Windows, bangon allona baƙi ne. Wani abin haushin, in kwamfuta ta farka daga barci shi ba ya farkawa, sai na lalubo rimot.

Mai_Linzami:
Na gode Yaya Tsohon_Hannu, na gode duka. Na sake ɗauko na falon yanzun nan, na kunna Game Mode, na sa wa ƙofar suna PC. Wallahi kamar an canza talabijin, kibiya na bin hannuna, jan rubutun ya fito tsaf. Na kuma auna santimita 120 da igiya na manna a bango, na zauna na kalla. Na haƙura da inci 55. Zan nemi 42 ko 43 mai 120Hz na gaskiya, wanda ba OLED ba saboda Excel. Sai dai na ga yawancin masu inci 43 a 60Hz suka tsaya. Akwai wanda ya taɓa gwada 1440p a 120Hz a kan wannan girman?