Ƙarar bazata da tsuntsayen keji: me kuka gani da idonku?

Mai kajin bayan gida: Assalamu alaikum. Daren jiya ana biki a layinmu, yara suka tashi nokawut dab da katangar ɗakin kajina. Da asuba na tarar sun cunkushe a kusurwa ɗaya, wasu kan wasu, guda 9 na ƙasa sun mutu. Ba cuta, ba rauni, numfashi ne ya gagare su. Har yanzu raina bai kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa gani?

Mai kajin ƙwai: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ni tsawa ce ta farkon damina. Ba wadda ta mutu, amma ƙwai ya ja baya kwana biyu, wasu ɓawonsu laushi, wasu launin ya koɗe. Likitan dabbobi ya ce kaza kan ɗauki kusan awa 25 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma galibi da dare take yin ɓawon. In ta firgita a lokacin, aikin ya katse.

Ɗan tattabara: Gaskiya ne, Hajiya. Tawa ta bar kwanci a daren da aka yi harbin bindigar biki. Dare na mace ne, namiji sai da rana yake karɓarta, don haka ƙwan ya kwana a sanyi. Kwana 18 na ƙyanƙyasa ya cika, shiru.

Mai salwa: Ita salwa tsaye take tashi. Biyu sun fasa kai a rufin keji kafin na shimfiɗa raga mai laushi a ƙarƙashinsa.

Tsohon mai gidan gona: Ku lura da abu ɗaya. Janaretana yana ruri yini guda, ko kallonsa ba sa yi, amma bokiti ya faɗi cikin duhu sai ɗaki ya hautsine. Bazata ce matsalar, duhu kuma ya ƙara mata. Shi ya sa nake barin rediyo ƙasa-ƙasa tun suna 'yan tsaki, da ɗan haske da dare, kuma ba na shiga sai na ƙwanƙwasa. Kusurwoyin nan, yarona, ka lanƙwasa kwali ka toshe su. Ranar da ka san za a yi biki, kwana kusa, kana jin hayaniya ka shiga ka watsa su a hankali.

Mai kajin bayan gida: Na gode, Baba. Yau zan sa kwalin, sannan in je in roƙi iyayen yaran, don akwai wani bikin ranar Asabar.