Yaya aikin masu kula da fasinjoji a jirgin sama ya fara?

Maman Auta, Palladan:
Assalamu alaikum. 'Yar autata ta kafe cewa aikin kula da fasinjoji a jirgin sama take so, wataƙila don ta tashi tana ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙi suna shawagi a saman gidanmu. Jiya ta tambaye ni ko tun asali mata ne ke wannan aiki, da kuma mafarin kayan da suke sanyawa, na rasa amsa. Masana su taimaka.

Malamin Tarihi, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Maza ne suka fara, domin Bajamushe Heinrich Kubis ya kama wannan aiki tun 1912 a jirgin Zeppelin, wani irin jirgin sama mai kama da ƙaton balan-balan. Mata sun shigo a 1930 ta hannun Ellen Church, wata nas 'yar Amurka wadda ta iya tuƙin jirgi, amma kamfanin Boeing Air Transport bai yarda ya ba mace tuƙi ba. Sai ta ba su shawarar ɗaukar nas-nas, saboda jiragen lokacin ƙasa-ƙasa suke tafiya, iska na jijjiga su, fasinjoji na fama da amai da tsoro. Aka ɗauki mata 8. Tafiyar Ellen Church ta farko, ranar 15 ga Mayu, daga Oakland zuwa Chicago, ta ci awa 20 da yada zango sau 13. Albashin dala 125 ne a wata, kuma ban da raba abinci, har dakon kaya da ɗaure kujeru suna yi.

Tela, Sabon Gari:
Hajiya, ni dai bangaren ɗinki ne nawa. Kayan aikin matan farkon nan kwat da siket ne na koren ulu mai duhu, da hula, da wata 'yar alkyabba da suke yafawa, kuma ba don kwalliya aka zaɓi ulu ba, sanyi ne a cikin jirgin. Abin da bai yi mini ba shi ne sharuɗɗan ɗaukar mace a aikin: kada ta haura shekara 25, kada nauyinta ya wuce kimanin kilo 52, kuma kada ta kasance da aure.

Maman Auta, Palladan:
Na gode. Malam, wannan sharaɗin aure fa, yaushe aka janye shi?

Malamin Tarihi, Samaru:
Ya daɗe, Hajiya. Sharaɗin zama nas ne ya fara faɗuwa a Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka kwashe ma'aikatan jinya, shi kuwa na aure sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara soke shi a Amurka.