Shekara huɗu a kan harshen da ba mai ciniki da shi?

Baffa: Assalamu alaikum. Na kawo maganar nan zaure ne don kowa ya sa baki. Auta ya same ni da cewa Latin yake son karantawa a Jami'ar Ibadan, a sashen harshe da adabin Rumawa da Girkawan dā. Ni dai ra'ayina a fili yake: harshen nan ya mutu, ba kasuwar da ake sayen ko gishiri da shi, shekara huɗu a kansa asarar kuɗi ce da ƙuruciya. Mai hujja ya kawo.

Goggo Malama: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ni ban yarda ya mutu ba, don kullum da shi nake shiga aji. Kuka a littafin kimiyya Adansonia digitata ce, zogale Moringa oleifera, yakuwa Hibiscus sabdariffa. Tun 1753 da masanin tsirrai Linnaeus ya shimfiɗa wannan tsari na sa wa tsirrai sunan Latin ake bin sa, masanin tsirrai na Sin da na Zariya da suna ɗaya suke gane juna. Kai ma Yaya, duk ran da ka rubuta Yuli ko Agusta, sunan masu mulkin Rum ka rubuta. Haruffan bokon da muke wannan gardama da su ma nasu ne.

Yaya Lauya: Goggo, a gafarce ni, wannan hujjar ba za ta tsaya ba. Ni a kotu ina cewa habeas corpus, ina cewa prima facie, amma ban taɓa zama ajin Latin ba. Haddace su na yi, kuma sun wadatar da ni. Ke ma haddace sunayen kika yi. Tun 2012 ma masana tsirrai suka halatta a bayyana sabon tsiro da Turanci, alhali a dā dole sai da Latin. Ina bayan Baffa. Yaron nan zai gama, ya yi bautar ƙasa, sannan wa zai ɗauke shi aiki?

Goggo Malama: Bayanin suka sassauta, sunan yana nan yadda yake. Amma na karɓa, haddar suna ba ta buƙatar digiri.

Kawu Malam: Na daɗe ina karanta ku, na ga duk a bakin rijiya kuke tsaye. Ni da na ƙare rayuwata a koyar da Larabci, abin da ya dame ni daban ne. A ƙarni na 12, a birnin Toledo na Andalus, an zauna ana juya littattafan malaman Musulunci zuwa Latin. Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, shi ya fassara Alƙanun na Ibn Sina, kuma da wannan fassarar makarantun likitancin Turai suka yi ta koyarwa har ƙarni na 17. To ku saurari inda zancen yake. Littafin lissafi na Alkhawarizmi, wanda ya koyar da aiki da lambobin Indiya, asalinsa na Larabci ya ɓace, a Latin ya tsira. Babban sharhin Ibn Rushd a kan littafin Aristotle game da rai, cikakkensa a Latin yake, na Larabcin guntaye suka rage. An fassara Alƙur'ani zuwa Latin a 1143, kuma wannan fassarar ta yi ƙarnoni tana gina abin da Turawa suke zato game da mu. Yanzu in ɗalibina ya so sanin abin da aka ce Allah Ya ce a cikinta, sai ya jira Bature ya gaya masa. Wannan yana mini ciwo ƙwarai. Kayanmu ne a cikin akwatin wasu, mabuɗin kuma shi ne abin da Auta yake son ya ɗauko.

Baffa: Allah gafarta Malam, wannan ban san da shi ba. Amma ai Rumawan nan su ne na Suratur Rum, ba na son yaro ya je ya narke cikin al'adar wasu.

Kawu Malam: Rumawan surar su ne na gabas, na zamanin Hiraƙla, kuma Girkanci ya fi rinjaye a bakinsu. Batun narkewa kuwa, wanda aka gina shi a gida ba nahawu ne zai rushe shi ba.

Auta: Baffa, in an ba ni izini. Ba adabin Turawa zalla ba ne. Terence, marubucin wasan kwaikwayo, a Kartaj aka haife shi, Tunisiya ta yau, a matsayin bawa aka kai shi Rum. Marubuci Apuleius ɗan ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya ne, haka malamin Kirista Augustine da aka haifa a 354. Septimius Severus da ya mulki Rum daga 193 zuwa 211 ɗan Libiya ne. Senghor na Senegal ya koyar da Latin a Faransa kafin ya zama shugaban ƙasa. Sashen na Ibadan kuma yana nan tun kafa jami'ar a 1948. Abin da ya fara jan hankalina ma li'irabi ne, wato sauyawar ƙarshen kalma bisa aikinta a jimla. A wurin Kawu na koyi rufu'a da nasaba da jarra, sai na tarar a Latin ma suna yana sauya ƙarshe hawa shida. Inda wasu ke kuka, ni sai na ji kamar na taɓa bin hanyar.

Yaya Lauya: Auta, ban raina sha'awarka ba, kuma Kawu ya sa ni tunani. Amma mutum nawa ƙasar nan za ta iya ciyarwa da wannan aikin? Ƙofar ƙunci gare ta: koyarwa a jami'a, bincike, fassara. Sai ka kai digiri na uku kafin ka fara cin moriyarsa. In ka tsaya a na farko fa? Senghor ɗaya ne, waɗanda suka karanta suka rasa abin yi ba wanda ya rubuta tarihinsu.

Goggo Malama: Masu digirin lauya nawa ne ke zaune a gida yau? Ba kwas ɗin da ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a aljihu. Faransanci kuwa daga Latin ya fito, zai zo masa da sauƙi, ga Nijar da Kamaru da Chadi a maƙwabta.

Baffa: Har yanzu ban janye maganar asara ba, don ni zan biya kuɗin, kuma tambayar Lauya ba a amsa mini ita yadda raina zai kwanta ba. Abin da na janye shi ne cewa ba abin da ya haɗa mu da harshen. Auta, ka rubuto mini darussan da za ka yi shekara-shekara, da abin da kake nufin yi bayan digirin, da yadda za ka riƙe Larabcinka kada ya zube. Malam, ran Juma'a bayan la'asar zan zo gida, ina son ka ƙara mini bayani a kan littafin Ibn Rushd ɗin nan.

Kawu Malam: Allah Ya kai mu. Ka taho da yaron.