Me ya sa masu nutso a kogon dutse suke jiran tsakiyar hunturu?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na karanta labarin wasu 'yan ƙasar Finlan su biyar da suka shiga kogon Plura, a arewacin Norwe, ranar 6 ga Fabrairu 2014, inda biyu daga cikinsu suka rasu a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai da suka yanka ƙanƙarar da ta rufe bakin ruwan da zarto mai inji kafin su samu hanyar shiga, kuma na ga cewa ƙwararru ne da suka daɗe suna wannan aiki. Shin akwai dalilin ilimi da yake sa a zaɓi lokacin da sanyi ya fi tsanani, ko kuwa neman suna ne kawai? Ina roƙon waɗanda Allah ya ba sani a kan haka su yi mana bayani.

Malama_Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Dan Kurmi. Dalili yana nan, kuma dalilin shi ne ruwa. Mafi yawan manyan kogwannin ƙarƙashin ƙasa ruwa ne ya sassaƙa su a cikin dutsen farar ƙasa ko danginsa tsawon dubban shekaru, kuma har yau ta cikinsu ruwan saman tsauni yake bi ya sauka. Idan aka yi mamakon ruwan sama, ko dusar ƙanƙara ta fara narkewa a ƙarshen hunturu, hanyar da mutum ya bi a tsaye da safe tana iya cika har rufinta kafin la'asar. A tsakiyar hunturu kuwa, duk abin da ya sauko daga sama yana zama a kan dutse a daskare, saboda haka ruwan cikin kogo yana ja baya, gudunsa yana raguwa, lakarsa tana kwantawa, har mai nutso ya iya hango abokinsa daga nesa.

Tarihin wannan fage cike yake da shaidar haka. Kogon Holok da ke Suwizalan, wanda tsawon hanyoyinsa ya haura kilomita 200, ya taɓa rufe masanin ƙasa Alfred Bögli da abokan tafiyarsa uku har kwana goma saboda ambaliya a watan Agusta 1952, kuma a hunturu ake yin yawancin binciken cikinsa. Kogon Beryobkina da ke tsaunin Arabika a yankin Abkaziya, wanda aka auna zurfinsa mita 2,212 a watan Maris 2018, ya kusa halaka wata tawagar Rashawa a Satumbar shekarar, lokacin da ambaliya ta same su kusa da gindinsa, suka bar kayansu suka hau igiya ruwa yana biye da su. Yaran nan goma sha biyu da kocinsu da suka maƙale a kogon Tam Luwang na ƙasar Tailan a Yunin 2018 su ma ruwan damina ne ya tare musu hanya.

Wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba: zafin cikin kogo ba ya bin yanayin waje, yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin wurin na shekara. Duk wanda ya taɓa jan guga da asubahin hunturu ya ji ruwan rijiya da ɗumi-ɗumi a hannunsa ya san wannan. Ruwan Plura yana tsakanin digiri 2 zuwa 4 ne, kuma ko a watan Yuli ba wani ɗumi yake yi ba, don haka wanda ya jira bazara bai tsira daga sanyin ruwan ba, sai dai ya ƙara wa kansa haɗarin ambaliya da gurɓataccen ruwa.

Injiniya_Bodo:
Malama Hadiza ta faɗi gaskiya, amma ina ganin bayaninta zai iya sa mai karatu ya ɗauka hunturu sauƙi ne, alhali musayar haɗari ce kawai ake yi. Ina zaune a jihar Nodlan ɗin da kogon yake, na kuma koyi nutso a tekun nan cikin sanyi, kodayake ban taɓa shiga kogo ba. Ranar da na fara shiga ruwa mai digiri 4, ina sanye da rigar nan da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, da kayan ɗumi a ciki, amma kafin minti talatin yatsuna sun ƙi bin umarnina. Na so in buɗe wani ɗan maɓalli na ƙarfe a ƙirjina, abin da nake yi a tudu ido rufe, sai na ga babban yatsana yana zamewa a kansa sau uku, sau huɗu, leɓɓana kuma sun mutu har ba na jin abin numfashin da ke bakina. Malamina ya matso ya buɗe mini, muka hau sama cikin minti biyu.

To, wanda ke cikin kogo ba shi da wannan minti biyun. Samansa dutse ne, kuma ko da babu dutse, akwai wani rufin da ido ba ya gani. Kowane mita goma na zurfi yana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a tudu, don haka a mita 130, wanda shi ne kimanin wuri mafi zurfi a hanyar Plura, jiki yana ɗauke da ninki goma sha huɗu. A irin wannan matsi iskar da mutum ya shaƙa tana narkewa cikin jininsa da tsokarsa, idan kuma ya hau da sauri sai ta taso da kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi idan an fasa murfinta. Dole ne ya riƙa tsayawa mataki-mataki, wani lokaci na sa'o'i, yana rataye a cikin ruwan sanyi ba ya motsi. Saboda haka jinkirin minti kaɗan a ƙasa yana iya zama ƙarin sa'o'i a hanyar fita.

Abin da ya faru a 2014 ke nan. Sun tsara tafiyar kimanin sa'a biyar daga bakin Plura zuwa ɗaya mafitar da ake kira Siteinugulefloget, nisan kusan kilomita biyu, hanyar da 'yan Finlan ɗin suka gano haɗuwarta a 2013. Sun kasu rukuni biyu, sai ɗaya daga rukunin farko ya maƙale a wata matsattsiyar hanya a zurfin kimanin mita 110, ya rasu a gaban abokinsa. Rukuni na biyu ya iske hanyar a toshe, wani ma ya rasu a cikinsu. Wani daga rukuni na biyun da ya juya baya ya shafe fiye da sa'a goma sha ɗaya a ruwa, da ya iso bakin ramin kuma ya tarar sabuwar ƙanƙara ta rufe shi, sai da ya fasa ta. Duka ukun da suka tsira an kwantar da su a asibitin Turomso saboda ciwon saurin hawa.

Dan_Kurmi:
Allah ya saka muku da alheri. Ranka ya daɗe Injiniya, shin gawarwakin sun zauna a can ne?

Injiniya_Bodo:
Ba su zauna ba. Hukumomin Norwe sun gayyato ƙwararru daga Birtaniya, cikinsu har da Rick Stanton da John Volanthen, waɗanda daga baya su ne suka fara gano yaran Tailan. Sun sauka sun duba, suka ce haɗarin ya yi yawa, 'yan sanda kuma suka hana shiga kogon. A ƙarshen watan Maris sai abokan mamatan suka dawo a ɓoye, mutum 27 daga Finlan da Norwe, suka yi kwanaki suna jera tukwanen iska a kan hanyar, har suka fito da gawarwakin biyu suka kira 'yan sanda suka miƙa su. Ba a gurfanar da kowa ba. A nawa ganin 'yan Birtaniya sun yi daidai da suka ƙi saka rayayye a haɗari saboda mamaci, amma zuciyata ba ta yarda in zargi waɗanda suka ƙi barin abokansu a gindin dutse ba.

Malama_Hadiza:
Na karɓi gyaran Injiniya, zan ma ƙara da cewa hunturun kansa ba shi da tabbas. A tsaunukan Alfis akwai wata iska mai ɗumi da ake kira Fon, wadda take iya narkar da dusar ƙanƙara cikin dare ɗaya, kuma ruwan sama a kan dusar ya fi komai saurin cika kogo. Shi ya sa tawagar da ta san abin da take yi take barin mutane a sama suna bin hasashen yanayi, tare da shimfiɗa wayar tarho zuwa sansanin ƙasa. Kiran da abokansu suka yi musu ta irin wannan waya ne ya ba Rashawan Beryobkina damar fara hawa kafin ruwan ya iso sansaninsu.