Neman kalmar Hausa: hotuna masu sauya kansu a allon kwamfuta

Malamin kwamfuta, ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da malaman firamare na yankinmu yadda za su nuna wa yara hotuna a aji, kuma ina so takardar darasin ta fito da Hausa. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, Xubuntu aka ɗora musu a matsayin babbar manhajar da ke tafiyar da su, manhajar buɗe jakunkunan fayil kuwa Thunar ce. Na rubuta ɗan fayil mai layi biyu, na farko #!/bin/bash, na biyu feh -F -D 5 "$1", feh ɗin kuwa manhajar nuna hotuna ce, na ba fayil ɗin izinin aiki da umarnin chmod +x, sannan na haɗa shi da Thunar da alamar %f, wadda ke miƙa masa jakar da aka zaɓa. Yanzu idan malami ya danna jakar hotuna da maɓallin dama na linzami, ya zaɓi wannan aikin a jerin da ya fito, hotunan za su cika allo, kowanne ya tsaya daƙiƙa 5 kafin na gaba ya zo. Kalmomi biyu ne suka gagare ni, wato slideshow, sunan wannan nunin hotunan, da script, sunan ɗan fayil ɗin da na rubuta.

Mai gyaran kwamfuta, Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Ta biyun ka ce "rubutun umarni", domin umarni ne aka rubuta, kwamfuta tana karantawa layi bayan layi tana zartarwa. Sunan zai yi aiki ko a Nautilus, wata manhajar buɗe jakunkuna irin Thunar, inda ake ajiye irin wannan fayil a jaka ta musamman. Ta farkon kuwa, kada ka ɗauki "nunin faifai" da wasu ke rubutawa, saboda babu faifan da ke ciki. Ina ganin "nunin hotuna bi da bi" ya fi.

Tsohon hedimasta, Dambatta:
Ɗana, me ya kai ku jera kalmomi biyar alhali muna da guda ɗaya? Sunansa majigi. Tun zamanin Turawa ake kawo majigi ƙauyukanmu a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi bayan isha'i, a nuna wa jama'a tsabta da noma. Asalin kalmar ma daga sunan wata fitila ce da ake zura mata hotunan gilashi ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin abin da kwamfutarka take yi. Kalmar da kakanninmu suka sani ba ta cancanci a jingine ta ba.

Malama mai fassara, Kazaure:
Baba, Allah ya ƙara girma, tarihin da ka kawo gaskiya ne, amma yau majigi na'ura ce, wadda ke haska hoto a bango. Idan takardar ta ce "kunna majigi", malamin ƙauye zai tashi neman na'urar da makarantarsa ba ta da ita, ga shi kuwa abin da ake nufi yana cikin kwamfutar da ke gabansa. Kuma majigin kansa aro ne daga Turanci, saboda haka ba na ganin laifin wanda ya ari script ya ce "sikirif". Da ma an tuntuɓi masana harshen Hausa na Jami'ar Bayero kafin a buga.

Tsohon hedimasta:
'Yata, baƙon da ya kwana ya hantse, ya haifi 'ya'ya da jikoki a gari, ai ya zama ɗan gari. "Sikirif" kuwa ba wanda ya taɓa jinsa a kasuwar Dambatta. Ina girmama malaman jami'a ƙwarai, amma ba a ofis aka haifi Hausa ba, kuma abin yana yi mini ciwo a ce sai birni ya sa hannu kafin maganar mutanen karkara ta karɓu.

Mai gyaran kwamfuta:
Baba, ba wanda ya raina karkara, dukkanmu a cikinta muke. Malam, ka lura da abu ɗaya: idan ka ƙara -z a umarnin, feh zai cakuɗa hotunan, su fito ba bisa tsarinsu na cikin jaka ba. Saboda haka kada ka rubuta "a jere", amma "bi da bi" zai tsaya ko an cakuɗa.

Malamin kwamfuta:
Na gode muku duka. Na ɗauki "rubutun umarni", tunda ba wanda ya soke shi. A Thunar zan sa "Nuna hotuna bi da bi", domin shi malami zai gani ya danna. A kan takardar kuma zan rubuta "majigin hotuna", tare da bayanin cewa ba na'urar bango ake nufi ba.

Malama mai fassara:
Suna biyu ga abu ɗaya a takarda ɗaya yana rikita mai koyo, Malam, amma Asabar ta matso.

Tsohon hedimasta:
Ban gamsu ba, domin kun mayar da majigi ado a saman takarda. Duk da haka a buga, sai dai ka tambayi malaman a ƙarshen darasin wanne suka riƙe a bakinsu, ka dawo ka faɗa mana.