Shasin tifa ya tsage, ana iya sanin yaushe zai karye?

Mai Tifa KT:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masana ƙarfe ku taimaka mani. Tifa gare ni ina ɗaukar yashi, tun bayan ƙaramar sallah na lura da wata 'yar tsaga a shasi kusa da inda sifirin ke kamawa, ba ta kai rabin ɗan yatsa ba, wata da watanni tana nan yadda take har na manta da ita, to jiya a gareji wajen Ƙofar Ƙaura yaro ya shiga ƙasan motar ya ce oga abin nan fa ya kai yatsa guda. Ni ban yi hatsari ba. Akwai yadda za a yi a san kwana nawa ya rage?

Injiniya Daurawa:
Wslm Alhaji. Abin nan sunansa gajiyar ƙarfe. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasawa kana miƙarwa, ai kai ma ka san ƙarshenta. Haka shasi yake, duk rami ɗaya lanƙwasa ɗaya ne. Tun wajen 1860 wani Bajamushe Wöhler ya yi ta gwaji kan aksil na jirgin ƙasa a kan haka.

Lissafi kam akwai shi. Paul Paris a Amurka ya fito da shi farkon shekarun 1960, har yau da shi ake aiki a jiragen sama. A taƙaice matsin da ke bakin tsagar ya danganta da nauyin kaya da tsawon tsagar, saurin tafiyarta kuma a ƙarfe irin na mota kusan matsin nan ne sau kansa sau uku. Wato in tsaga ta ninka tsawo sau 4, matsin ya ninka 2, saurin ya ninka 8 kenan. Shi ya sa ta yi watanni kamar tana barci yanzu kuma ta tashi da gudu. Lodi ma haka, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan yashin da ka saba, saurinta ya kusa ninkawa biyu.

Amma gaskiya kwana kaza ba mai ba ka ta waya, sai an san irin ƙarfen da nauyin da yake sha, ramukan hanyar da kake bi ma kowace rana daban. Taka da ta fara gudu a ajiye motar kawai.

Baban Walda:
Injiniya ya gama magana. Ni shekaruna a walda na ga irinta ba adadi. Kuskuren yaranmu su bi kan tsagar da walda kawai su shafa fenti, sati uku ta fito ta gefe. A wanke wurin, a shafa kalanzir a goge, a barbaɗa garin alli, kalanzirin da ya shige ciki zai fito ya nuna ainihin inda ta tsaya, don wlh ta fi abin da ido ke gani tsawo. A huda rami a daidai ƙarshenta, a fafe tsagar, sannan walda, sannan faci da faranti. Kuma kada farantin ya zama mai kusurwa huɗu, tsaga na son kusurwa.

Injiniya Daurawa:
Baba wannan na kusurwa haka yake. Jirgin Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama a 1954, da aka saka gangar jikin wani a tankin ruwa ana hura shi ana sacewa, daga kusurwar taga tsagar ta taso. Sai dai ramin nan da za a huda a ƙarshen tsagar jinkiri ne ba magani ba, kuma wasu shasin ƙarfensu an gasa shi, walda na rage masa ƙarfi, a duba irin naka tukuna.

Mai Tifa KT:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Lodin dai ba zan yi ƙarya ba ana ɗan ƙarawa. Baba gobe da safe zan sa a kawo motar babu kaya, alli kuma zan aiki yaro ya sayo.